Na'urar Sanyi da Ta Mutu a Kan Rufi: A Sauke Ta, a Toshe Gurbinta Kafin Ruwa Ya Sauka

Na san kowa ya baro rumfarsa a hannun yaro, don haka ba zan tsare ku fiye da kima ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, aikina shiga gida-gida a garuruwan nan na bakin iyakar Nijar da Najeriya. Kun saba ganina da maganar allurar yara da awon ciki. Yau kuwa maganar rufin ɗaki na kawo muku, kuma kafin mu tashi za ku ga inda ta haɗu da lafiyar iyalinku da ta dukiyarku.

Akwai wani akwatin ƙarfe da yawancinku kuka sani, wato na'urar sanyi mai aiki da ruwa. Wasu sun dasa ta a kan rufi sun huda mata hanya zuwa ɗaki, wasu kuma bango suka huda suka maƙala ta. A ƙasanta akwai kaskon ruwa. Ɗan ƙaramin famfo yana tura ruwan sama ya jiƙa ciyawar da aka jera a gefunanta, fanka kuma ta jawo iskar waje ta ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawar, ta shiga ɗaki da sanyinta. Dabarar randa ce aka haɗa da wutar lantarki: kamar yadda ruwan randa ke yin sanyi saboda iska na busar da abin da ya tsattsafo a jikinta, haka wannan na'ura ke aiki. Shi ya sa ta karɓu a garuruwa masu busasshen zafi irin su Yamai, Maraɗi, Damagaram, Agadas, Injamena, har zuwa Hartum da Kasala a ƙasar Sudan. Ba ta cin wuta kamar iyakwandishan, kuma a watannin Maris, Afrilu da Mayu ta yi wa mutane da yawa rana.

Sai dai tana da iyaka. Da zarar damina ta kama, iska ta cika da laima, sanyin na'urar ya ragu ƙwarai, sai maigida ya kashe ta. Wata kuma famfonta ne ke mutuwa, ko kaskon ya yi tsatsa, ko a sayi fanka mai aiki da hasken rana a manta da ita. Tun da ba a tsakar gida take ba balle a yi tuntuɓe da ita, sai ta shekara biyu, uku, biyar tana zaune a sama, ba mai leƙa ta. A kan irin wannan nake magana yau.

Abin da na gani da idona

Damina biyu da suka wuce na shiga wani gida inda yara uku suka kwanta da zazzaɓi cikin mako guda. Uwargidan mace ce mai tsabta: randunanta a rufe, tsakar gida a share, ba tsohuwar taya, ba gwangwani, kowane gado da gidan sauronsa. Ta ce mini, "Malama, ki duba da kanki. Daga ina sauron nan yake fitowa? Da rana tsaka yake cizonmu." Na zaga bayan ɗaki, na leƙa makwarara, na duba wurin wanke-wanke, ban ga komai ba. Ina ɗaga kai sai na hango akwatin nan a kan rufi. Maigidan ya ce shekara uku ke nan rabon da a kunna shi. Aka kafa tsani, aka riƙe wa babban ɗansu, na miƙa masa ludayi na ce ya ɗebo mini abin da ya tarar. Ya sauko da ruwa mai ganye-ganye, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki kamar an zuba tsaki. Yaran sun samu lafiya bayan an kai su asibiti, amma tun daga ranar, duk gidan da na shiga sai na ɗaga kai.

Sauron da ke son irin wannan wuri ba shi ne wanda kuka saba ji yana kuka a kunne da dare ba. Ƙarami ne, baƙi, da zanen fari a ƙafafunsa, masana na kiransa Edis. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar, lokacin da ba wanda ke cikin gidan sauro. Ba ya neman kududdufi, ruwan da ke cikin mazubi yake so. Macen tana manna ƙwanta a jikin mazubin, ɗan sama da bakin ruwa. Ƙwan nan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, ruwan farko na taɓa shi ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro mai tashi. Ba ya tafiya nesa da inda aka haife shi. Ke nan wanda ya cije ku a rumfa ko a tsakar gida, a kusa da ku ya tashi.

Shi ne ke yaɗa zazzaɓin dengi da cikungunya da shawara, kuma waɗannan cututtuka sun matso kusa da mu. A 2018 cikungunya ta kwantar da dubban mutane a Kasala. A 2020 ta ɓarke a Abeshe ta ƙasar Cadi, inda aka lissafa sama da mutum dubu 30. A watan Agusta na 2023 hukumomin Cadi suka ba da sanarwar ɓullar dengi a wannan garin na Abeshe. A shekarar ce dengi ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso, a watan Nuwamba kuma aka tabbatar da ita a Sakkwato. Ku da ke safara kun san cewa nisan waɗannan garuruwa da mu nisan mota ne kawai. Mutum na iya ɗauko cutar a jininsa daga can, sauron gidansa ya cije shi, ya raba wa iyali da maƙwabta.

Akwai kuma wani baƙon sauron cizon sauro, ɗan asalin Asiya, wanda shi ma a tankuna da mazubai yake hayayyafa, saɓanin namu na gargajiya. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, sannan Habasha da Sudan a 2016, Najeriya a 2020, Gana a 2022. Duk ruwan da aka bari a buɗe a cikin gari, gida ne gare shi.

Ku riƙe alamun dengi: zazzaɓi mai zafi da ke zuwa farat ɗaya, ciwon kai, ciwo a bayan idanu, ciwon gaɓoɓi kamar an yi wa mutum duka, wani lokaci da ƙuraje. Idan an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro ba a samu ba, kada ku ci gaba da sayen maganinsa a kasuwa. Ku ba mara lafiya ruwa da yawa da farasitamol kawai. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Lokacin da ya fi haɗari shi ne kwana ɗaya ko biyu bayan zazzaɓin ya sauka. In kun ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga hanci ko dasashi, ko kasala ta fitar hankali, to asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Shawara kuwa tana da allurar rigakafi, ana yi wa yaro yana da wata 9, ku tabbatar an yi wa naku.

Ɓarna ta biyu: rufin kansa

Ko da babu sauro, matacciyar na'ura tana cin rufi. Kaskon da ya yi tsatsa yana ɗiga a wuri guda shekara da shekaru, kwanon da ke ƙarƙashinsa ya ruɓe. Ƙafafunta sun huda rufi, bututun iska ya huda, wayar wuta da bututun ruwa su ma sun huda, kuma abin da aka liƙe waɗannan kafofi da shi tuni rana ta busar da shi ya tsattsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta nan ruwa ke bi ya jiƙa silin da katako, ta nan ɓera da jemage da rina ke shiga.

Ɗakin da ke yoyo yana yin fumfuna, fumfuna kuwa tana tayar da tari da asma, musamman ga yara da tsofaffi. Ku masu ajiyar hatsi, abin ya fi shafarku. Gyaɗa da masara in sun sha laima suna yin wata fumfuna mai dafi da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe dafin. Mai atamfa da mai sukari da mai siminti kowa ya san abin da ɗigo ɗaya na dare ɗaya ke jawowa. Gidan ƙasa kuma, ruwan da ya sami hanya cikin rufinsa yana iya kayar da shi. Kun tuna daminar 2024, wadda ta ci rayuka sama da 300 a Nijar, da yawansu rushewar gini ce ta yi ajalinsu. A farkon Satumba na shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. Ruwan da ya kayar da wannan gini ba zai ji nauyin soron da aka bar masa rami a ka ba.

Yaushe, kuma su wa

Lokacin wannan aiki shi ne rani. Mafi kyau a yi shi cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da kwano bai yi zafin ƙona tafin hannu ba. In an makara, kada a wuce Afrilu, domin iskar farkon damina ba ta sallama. A fara da sassafe, a sauko kafin rana ta take. Ranar da ake iska mai ƙarfi a fasa.

Kada a taɓa na'urar sai kayan toshe ramin sun iso gida. Na ga inda aka sauke ta ranar Asabar, aka rufe ramin da buhu da bulo biyu da niyyar sayo kwano ranar kasuwa, buhun nan ya kwana uku, ya wata uku, har ruwa ya sauka a kan gado. In haya kuke yi, ku zauna da mai gida ko mai rumfa tun da wuri, a san wanda zai biya magini da wanda zai karɓi kuɗin ƙarfen, a gaban shaida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin na mutum uku ne aƙalla: biyu a sama, ɗaya a ƙasa yana riƙe tsani yana karɓar kaya. A nemi mai gyaran wuta, a nemi kafinta ko magini gwargwadon irin rufin. Kada a tura yaro don ba shi da nauyi. Mai farfaɗiya, mai jiri, da wanda ya sha maganin da ke sa barci, kada su hau. A sanar da maƙwabta cewa za a hau sama kamar yadda al'ada ta tanada, a kuma kwashe yara da dabbobi daga inda kaya za su sauka.

Yadda ake sauke ta

Da wuta ake farawa. A kashe ta daga babban makunnin gida, a cire wayar na'urar daga tushenta. Kada wanda ya ce ai an ɗauke wuta, domin ana iya maido ta hannun mutum na kan waya. In gidan na da janareta ko batirin hasken rana, su ma a raba su da layin. A jikin injin akwai wani ɗan gwangwani da ke iya riƙe wuta bayan an kashe, a bar wa mai gyara shi. Idan an gama, ya naɗe bakin wayar ya rufe shi cikin akwati, kada a bar ta tana reto a cikin silin.

Sai ruwa. A rufe bututun da ke kai mata ruwa tun daga ƙasa, a yanke shi, a toshe bakinsa da marfi. A zubar da ruwan kaskon a kan busasshiyar ƙasa inda rana za ta shanye shi, 'ya'yan sauron su mutu. Kada a juye shi a makwarara.

Tsani ya zama mai ƙwari, a kafa shi a ƙasa mai tauri. In tsayin bango mita 4 ne, gindin tsani ya nisanci bango da mita 1, kansa kuma ya zarce bakin rufi da kamar mita 1, don mai hawa ya sami abin kamawa. Kafin a hau a ɗaga kai a dubi wayoyin wutar gari. A kasuwanninmu sukan bi ta kan rumfuna ƙasa-ƙasa, kuma fallen kwano ko dogon ƙarfe in ya taɓa su, mai riƙe da shi ne hanyar wutar. A kan rufin kwano a shimfiɗa katako a taka, ko a bi layin ƙusoshi, domin nan ne katako yake a ƙarƙashi. Kewayen na'urar ya fi ko'ina ruɓewa, a ɗauka cewa ba zai ɗauki mutum ba. Wasu tsofaffin gine-gine rufinsu falle ne mai kama da siminti, wanda ake kira asbesto. Yana fashewa ba gargaɗi, ƙurarsa kuma tana lalata huhu bayan shekaru. Irin wannan kada a taka shi, kada a yanke shi, kada a huda shi, a nemi wanda ya san aikinsa.

Masu aiki su sa takalmi mai rufi, da safar hannu mai kauri, da takunkumi. A buɗe gefunan na'urar a hankali, don rina da kunama na son wurin. A yayyafa wa tsohuwar ciyawar ruwa kafin a cire ta, saboda ƙura da fumfuna da kashin tsuntsaye da ta tara, a zuba ta a buhu a ɗaure. Daga nan a kwance ta gunduwa-gunduwa: gefuna, famfo, inji, fanka, sannan gangar jiki. Injin ne mai nauyi, shi kaɗai za a ɗaure da igiya a zura. Kada a jefo komai daga sama, kada kuma wanda ya sauko ta tsani da kaya a hannu. Notin da ya ci tsatsa a zuba masa mai a jira, in ya ƙi a yanke shi. Fizgar ƙarfi ita ke yaga kwano, ita ke jefo mutum ƙasa.

Toshe gurbin

A nan ne yawancin mutane ke yin sakaci, alhali nan ne rabin aikin. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowane irin rufi: ruwa gangara yake bi, saboda haka kowane abu na sama ya hau kan na ƙasa, kuma kada a bar wurin da ruwa zai kwanta.

In rufin kwano ne, wanda a Nijar ake ce wa tol, abin da ya fi shi ne a cire fallen da aka huda gaba ɗaya a sa sabo. Araha ba ta ado, faci a kan ruɓaɓɓen kwano damina ɗaya yake yi. In kwanon na da sauran ƙwari kuma faci za a yi, a samo falle mai tudu da kwari iri ɗaya da na rufin. Kafinta ya fara gitta katako a ƙarƙashin ramin don facin ya sami abin kwanciya. Bakin facin na sama a cusa shi ƙarƙashin kwanon da ke sama da shi, bakinsa na ƙasa ya hau kan kwanon da ke ƙasa, kowanne da santimita 15 zuwa 20, wato kamar faɗin tafin hannu biyu. Ta gefe kuma ya haye tudu ɗaya da rabi. A kafa ƙusa a kan tudu, kada a kafa a kwari inda ruwa ke gudu, kuma kowace ƙusa da robarta. Ƙananan hudojin da ƙafafu da waya suka bari a bi su ɗaya bayan ɗaya, a goge tsatsa, a liƙe. Kwalta ko ɗanko taimako suke yi wa faci. In su kaɗai aka dogara da su, zafin bazara ɗaya ya isa ya tsage su.

In rufin kankare ne, wanda wasu ke kira dekin wasu dal, turmin siminti kawai ba ya riƙe ramin. Magini zai sassaƙe bakin ramin ya share ƙura, ya kafa katako daga ƙasa ya tokare, ya sa rodi ya kama tsohon ginin, ya jiƙa bakin, sannan ya zuba kankare: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7, kada a cire tokarin kafin mako biyu. Bayan ya bushe a shafe wurin da kwalta ko a shimfiɗa abin hana yoyo, ya zarce haɗin tsoho da sabo ta kowane gefe, domin a haɗin nan ne tsaga ke fitowa. Saman facin ya ɗan fi kewayensa tudu, ruwa ya gangara zuwa indararo.

In soron ƙasa ne, aikin maginin gargajiya ne. Zai buɗe kewayen ramin ya duba azara, domin wadda ta daɗe tana shan ɗigo ta ruɓe ko gara ta ci ta, sai an canja. Sannan ya mayar da shimfiɗar da ke kan azara, ya zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa kashi-kashi, kowane kashi ya sha iska kafin a ƙara wani, ya daidaita gangara, ya yi yaɓe da makuba ko abin da aka saba da shi a garinku. Tun da an riga an hau, a share indararo, a duba rawanin soro.

Daga ciki kuma a cire bututun iska, ko a toshe bakinsa sama da ƙasa, a mayar da silin. Wanda tasa a bango take, ya toshe da bulo ya yi shafe ciki da waje. In kuna son iska, ku mai da ramin taga, ku sa mata raga mai ƙananan ido. Idan an gama, kafin a sallami mai aiki, mutum ɗaya ya hau da bokiti ya kwarara ruwa daga saman facin, wani ya tsaya a ɗaki da tocila yana dubawa. Bayan ruwan farko na damina a sake dubawa.

Abin da aka sauke

Kada kaskon ya sauko daga rufi ya koma bayan ɗaki yana kallon sama, in an yi haka an sauya wa sauro unguwa ne kawai. A goge cikinsa da burushi da sabulu don ƙwan da ke manne, a kife shi ko a huda gindinsa, a sayar wa 'yan gwangwan cikin makon. Injin da famfon in suna da rai mai gyara zai saya, kuɗin ya rage muku na kwano.

In tsautsayi ya faru

Wanda ƙarfe ya yanka, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko baƙin mai. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi take, ta ciwo take shiga, don haka a zo asibiti a ranar a duba ko ana bukatar allura.

Wanda wuta ta kama, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar, ko a ture wayar da busasshen icce. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi a duba zuciyarsa.

Wanda ya faɗo, kada a ɗauke shi hannu da ƙafa a jefa a bayan babur. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a mirgina shi gaba ɗaya a kan ƙofa ko faffaɗan katako, a ɗauke shi a haka. In kansa ya bugu, a sa masa ido kwana biyu. Amai, yawan barci, rikicewar magana, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk alamu ne na a garzaya asibiti. Ciwon kai da na gadon baya ba na gidan maɗori ba ne.

Ga masu amfani da tasu har yanzu

Ban ce kowa ya sauke tasa ba. Mai aiki tana da amfani, zafin bazara kansa yana kwantar da tsofaffi da jarirai. Sharaɗin shi ne a kula da ita kamar yadda ake kula da randa. Sau ɗaya a mako, ku zaɓi rana, ko ranar kasuwar nan ce, a kashe wuta, a zubar da ruwan, a goge kaskon, a zuba sabo. Mako guda na ce domin kada ƙwai ya sami kwanakin zama sauro. Ranar da kuka kashe ta saboda damina, a ranar za a tsiyaye ta, a busar, a rufe ta ruf da leda mai kauri, a ɗaure yadda ruwa ba zai kwanta a kan ledar ba. Wadda kuwa ta shekara ba a kunna ba, kada a yaudari kai da cewa za a gyara, a sauke ta.

Wanda ya sauke tasa yana tsoron zafi, akwai abin yi: silin a ƙarƙashin kwano, farin fenti a samansa, rumfar zana a gefen da rana ke faɗuwa, taga biyu masu fuskantar juna da raga a jikinsu, da shan ruwa a kai a kai.

Iyayena da 'yan'uwana, roƙona ɗaya ne. Yau in kun koma gida, kafin ku shiga zaure, ku ja da baya ku ɗaga kai ku dubi rufinku. Gobe in kun buɗe rumfa ku dubi nata, ku dubi na maƙwabci, domin sauron rufinsa bai san katanga ba. Wanda ya ga irin akwatin nan ya yi wa mai shi magana da lalama. Sarkin kasuwa, ina roƙon a sa wakilan layi su zaga su ƙidaya matattun na'urorin da ke kan rumfuna, a haɗa kuɗin tsani da mai gyaran wuta a yi su rana ɗaya, zai fi sauƙi ga kowa. Ranar kasuwa mai zuwa ina nan a inda kuka saba samuna, mai tambaya ya zo, wadda kuma take so in shiga gidanta in duba, ta aiko yaro.